Trovan da rigakafi: yadda aka auna tasirin labari guda

1/ Mu a Kano kowa ya san batun Pfizer. Amma da gaske shi ya sa iyaye suka ja baya daga rigakafi, ko faɗa kawai muke yi? Akwai hanyar aunawa. Ku biyo ni. 🧵

2/ A 1996 sanƙarau ya ɓarke. Pfizer ta gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. A Disamba 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta bankaɗo maganar. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, sai 2004 aka ci gaba.

3/ To ga matsalar. Ba za ka jefa ƙuri'a ka raba iyaye gida biyu, waɗannan su ji mummunan labari, waɗancan kar su ji ba. Sai dai ka nemo inda tarihi ya yi rabon da kansa.

4/ Haka Belinda Archibong da Francis Annan suka yi. Tunda Musulmi ne suka fi jin abin ya shafe su, sai suka kwatanta 'ya'yan iyaye mata Musulmi da na waɗanda ba Musulmi ba, kafin 2000 da bayanta.

5/ Dabarar: tun asali akwai tazara tsakanin rukunin biyu. Ba ita ake dubawa ba. Ana duba ko ta ƙaru ne bayan labarin ya fita. Abin da ya taɓa kowa, kamar ƙarancin allurai, ragewa ake yi ya fita daga lissafi.

6/ Sakamako: rigakafin yaran Musulmi ya ragu bayan 2000, kuma raguwar ta fi ƙarfi wajen mata masu ilimi. Masu bin labarai kenan. Don haka ni dai ban yarda "jahilci ne" ya isa amsa ba.

7/ Amma fa a kula. Dabarar na aiki ne idan da ba labarin, tazarar za ta tsaya yadda take. Duk abin da ya sauya wa rukuni ɗaya kaɗai a lokacin zai iya gurɓata lissafin, kuma shekarar 2000 cike take da sauye-sauye a Arewa.

8/ Ɗaliban da ke rubuta furojet daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, idan aka ce muku "kaza ya jawo kaza", ku tambaya: da wa aka kwatanta, kuma yaya suke kafin nan?