Inda Littattafai Bakwai Suka Maƙale

Da shekarar 2025 ta kama, aka cika shekara 1,700 da taron Nikiya, sai wata tsohuwar gardama ta farka daga barci. A tasha, a teburin mai shayi, balle a Facebook, sai ka ji mutum ya bugi ƙirji yana cewa Sarki Kustantin ne ya tara bishop-bishop a shekarar 325, ya zaɓi littattafan da suka yi masa, ya cinna wa sauran wuta. Hujjarsa a hannu take: ɗan Katolika na riƙe da Littafi Mai Tsarki mai littattafai 73, maƙwabcinsa ɗan ECWA ko Baptist na riƙe da mai 66. Su kansu Kiristocin sukan yi ta nuna wa juna yatsa, wannan ya ce Roma ce ta yi ƙari, wancan ya ce Martin Luther ne ya yi ragi.

Mu fara sallamar Kustantin. Abin da ya kai bishop-bishop Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, shi ne koyarwar Ariyus a kan matsayin Almasihu, sai batun ranar Ista. Sun bar dokoki 20, babu ko ɗaya da ta taɓo jerin littattafai. Littafin ƙirƙira na Dan Brown da ya fito a 2003 ya ƙara wa tatsuniyar fukafukai, ita kuwa tatsuniya in ta yi daɗin faɗa, wuyar kashewa gare ta.

Sabon Alkawari ma a ajiye shi gefe, domin littattafai 27 ne a hannun ɓangarorin biyu, kamar yadda Atanasiyus na Iskandariya ya jera su a wasiƙarsa ta shekarar 367. Gardamar duk a Tsohon Alkawari take, 39 ko 46. Bakwai ɗin su ne Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk da Makabi na ɗaya da na biyu, ga kuma wasu ƙarin sassa a Esta da Daniyel.

Asalinsu ya koma Masar. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya suka fara mayar da littattafansu Girkanci, fassarar da ake kira Saba'in saboda labarin dattawa 72 da aka ce sun yi aikin. Kiristocin farko da Girkanci suke karatu, don haka tarin da suka gada ya haɗa da waɗannan bakwai. Malaman Yahudawa kuwa suka tsaya a kan littattafai 24 na Ibrananci, waɗanda in an rarraba su suke zama 39. Daga nan aka samu lissafi biyu. Jerom, da ya zauna a Baitalami yana fassara daga Ibrananci zuwa Latin wajen shekarar 390 zuwa 405, ya ce abin da babu shi a wurin Yahudawa a karanta shi don ƙaruwa, amma kada a kafa koyarwa da shi. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ƙi. Tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka bi bayansa. Shekara dubu da ɗoriya aka yi ana kwafar littattafan tare, da gargaɗin Jerom rubuce a gabatarwa, ba wanda ya ɗaga wa wani murya sosai.

To, Luther fa? A muhawarar Leipzig ta 1519, abokin karawarsa Johann Eck ya kawo Makabi na biyu, sura 12, inda aka yi wa matattu addu'a. Luther ya ce littafin ba ya cikin waɗanda ake kafa hujja da su. Wannan gaskiya ne. Abin da masu zarginsa suke tsallakewa shi ne, a cikakkiyar fassararsa ta Jamusanci ta 1534 littattafan suna nan daram. Ya dai tattara su tsakanin Alkawaran biyu da sunan Afokirifa, ya ce ba su kai Nassi daraja ba, amma karanta su na da amfani. Majalisar Katolika ta Trent ta mayar da martani ranar 8 ga Afrilu 1546, ta ce dukansu hurarru ne. A akida an raba gari ke nan. A kan kantar littattafai kuwa, Baibul na Sarki James na 1611, wanda wasu ke rantsuwa da shi a yau, da Afokirifarsa ya fito.

A ganina, wuƙar da ta yi yankan a Landan take, kuma wuƙar kuɗi ce. A 1804 aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya da Ƙasashen Waje, da nufin buga littafin da araha a raba ko'ina. Da ta shiga Turai, sai ta tarar 'yan Lutheran da 'yan Katolika ba sa karɓar bugun da babu Afokirifa, suna ganin guntu aka ba su. Shugabannin ƙungiyar suka kau da kai, suka ci gaba da tallafa wa bugun da ke ɗauke da ita. Har wani limamin Katolika a Jamus, Leander van Ess, yana raba littattafai da kuɗinsu. Da labari ya kai Sikotland, sai ƙura ta tashi. Robert Haldane da Fasto Andrew Thomson na Edinbara suka ce da taron sisi da kwabo na talakawa ake cuɗa maganar mutum da maganar Allah. Shekaru aka kwashe ana jifan juna da ƙasidu. A 1826 ƙungiyar ta miƙa wuya, ta yanke cewa ko anini nata ba zai ƙara shiga bugun Afokirifa ba. Abin dariyar, mutanen Edinbara da Glasgo duk da haka suka ɓalle.

Za a ce mini ai tun kafin nan akwai masu ƙin littattafan. Haka ne: Shaidar Bangaskiya ta Westminster ta 1646 ta ce ba su da wani iko a ikkilisiya, wasu maɗaba'u kuma sun riga sun fara zubar da su. Sai dai ra'ayin wani ɓangare daban, abin da ke shiga kowane gida daban. Wanda ke buga miliyoyin kwafi, yana biyan masu fassara a Afirka da Asiya, shi ke yanke abin da jama'a za su sani a matsayin Littafi Mai Tsarki. Cire sashen da ya kusa kai Sabon Alkawari girma kuma ya rage kuɗin takarda, ban ga ma'ajin da zai yi kuka da haka ba.

A nan labarin ya iso ƙofarmu. James Frederick Schön, wanda ya ƙaru ƙwarai da Hausar wani yaro mai suna Dorugu, ya fitar da Matiyu, Yahaya da Ayyukan Manzanni a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka kai ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wannan ƙungiya ta Landan ce ta buga shi, kuma dokar 1826 tana nan ba ta motsa ba. Mai karatu a Wusasa ko Jos ya buɗe ya ga 66, bai ga gurbin komai ba, balle ya tambaya.

Wani abin da ya kamata masu gardama su sani: an daɗe ana cewa bakwai ɗin ba su da asali a Ibrananci. A 1896 aka gano Sirak da Ibrananci cikin tsofaffin takardun wata majami'ar Yahudawa a Alƙahira, daga baya kuma kogunan Kumran suka fito da guntayen Tobit da Aramaik da Ibrananci. Wannan bai mayar da su hurarru ga wanda bai yarda ba, amma waccan hujja dai ta raunana.

Sai a shekarun 1960 ƙungiyoyin Littafi Mai Tsarki suka sassauta. A 1968 suka yi yarjejeniya da Fadar Fafaroma kan fassarar haɗin gwiwa, aka amince a riƙa sa littattafan a sashe guda kafin Sabon Alkawari, wato daidai inda Luther ya ajiye su a 1534.