Jaririya a Daji: Yaushe Muka Fara Tsoron Dazukanmu?

Shirin yau daga cikin gidanmu zai fara.

Da sanyin bara na je Gammo na shaida wa kakata cewa zan ɗauki maiɗakina da 'yarmu mai wata bakwai mu je Yankari mu kwana a tanti. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kai maigidan, bokon ne ya taɓa maka kai? Kishiyar tawa za ka kai wa kura?" Aka yi dariya, amma fa da gaske take. Tsoronta ne ya sa na koma bincike: shin tun asali Bahaushe ba ya kwana a daji da goyo?

Amsar ita ce yana kwana. Ku tuna fatake. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, wato yankin Salaga a Ghana ta yau, tafiyar watanni a ƙasa da jakuna. Madugu ke jagora, inda dare ya yi a yada zango. Akwai mata a ayarin, suna girki, suna ɗan kasuwancinsu. Haka maniyyatan da suka taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan, wasu an haife su a hanya. Fulani kuwa har gobe a ruga ake haihuwarsu, a ruga ake yaye su. Kura na nan, 'yan fashi na nan, amma akwai tsari: a tafi a ayari, a hura wuta, a sa masu gadi.

To me ya sauya? Turawan mulkin mallaka sun zo da dokar gandun daji: a shata iyaka, a hana noma, farauta da saran itace a ciki. Dajin Kamuku na Birnin Gwari an keɓe shi a 1936. Falgore namu na Kano, wanda hanyar Jos ta ratsa, an keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, ya koma gandun namun daji a shekarun 1960. Yankari kuwa gwamnatin Arewa ta ware shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Dabarar ware daji don yawon buɗe ido daga Amurka ta samo asali, inda aka kafa Yellowstone a 1872, kuma can ma sai da aka raba 'yan asalin wurin da ƙasarsu.

Kar ku ji ni ba daidai ba. Ba don keɓewar ba, da wuya a ce yau da sauran giwa a Yankari. Amma an yi kuskure guda: an nuna wa talakan da ke maƙwabtaka da daji cewa dajin ba nasa ba ne, na gwamnati ne da baƙi. Abin da ba naka ba kuwa, ba ka gadinsa. Da gwamnati ta yi sakaci, sai wasu suka maye gurbin. Kowa ya san yadda ɓarayin shanu suka addabi Falgore, da yadda Kamuku ya zama mafakar 'yan bindiga.

Shi ya sa muka bar Falgore da ke cikin jiharmu, muka bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, muka karya a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. Da izinin ma'aikata muka kafa tanti a sansanin Wikki, kusa da ɗakunan baƙi. Darasin farko: gidan sauro kafin komai. Na biyu: kar ka ajiye abinci a fili, birai ba su san sabo ba. Na uku: ruwan Wikki ɗuminsa kusan digiri 31 ne rani da damina, amma ƙafar yarinyar kawai muka tsoma, don mun san halin muran jarirai. Cikin dare ta farka tana kuka, uwarta ta ba ta nono, ni kuma na zauna bakin tanti da tocila ina zare ido, kamar zan iya wani abu idan ɓauna ta fito.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Masana na ganin mafaka ce ta zamanin farautar bayi. Na tsaya da 'yata a kafaɗa ina tunani: wata uwa ta taɓa shigowa nan da goyonta, kuma a wurinta dajin ne wurin tsira, hatsarin yana gari.

A Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen ƙasa guda 10, har da Falgore da Kogo na Katsina. Madalla. Sai dai mu matasan Kabo da Gwarzo da Ƙaraye ya kamata mu riƙa tambayar wakilanmu: 'ya'yan ƙauyukan bakin dajin nawa aka ɗauka aikin gadi? Makiyayi da manomi suna da baki a tsarin? Ni ma'aunina guda ne: ranar da mace mai goyo za ta kwana a Falgore hankalinta kwance, ranar muke da gandun daji.

Da muka dawo na nuna wa kakata hotuna a waya. Ta karɓi yarinyar, ta duba ta sama da ƙasa, ta ce, "To, kurar ma ta raina ki." Sai kuma ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke zuwa itace da ita a goye, su wuni a dawa ba fargaba.

Ku ma ku tambayi tsofaffinku tun suna raye, ku kawo mana abin da kuka ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.