Ɗaukewar wutar lantarki a motar kwana

Ɗaukewar wutar lantarki a motar kwana matsala ce da ke sa fitilu, fanka, firji ko soket su daina aiki a cikin motar da aka ƙera da ɗakin zama. Irin wannan mota ta fi yawa a Amurka, inda kamfanoni kamar Winnebago, wanda aka kafa a jihar Iowa a 1958, suke ƙera ta. A arewacin Najeriya ba a cika ganinta ba, amma tsarin wutarta shi ne ake samu a motocin asibitin tafi-da-gidanka da motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma ya yi kama da haɗin sola, batir da inbata da ake sakawa a gidaje da shaguna a unguwanni irin su Tudun Wada, a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu.

Tsarin wutar

Motar tana da wuta iri biyu. Ta farko ita ce wutar batir mai ƙarfin volt 12, wadda ke riƙe da fitilu, famfon ruwa da ƙananan fankoki. Ta biyu ita ce babbar wuta irin ta gida, wadda ke zuwa daga janareta, daga inbata, ko daga layin kamfanin raba wuta, wato Kaduna Electric a jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. Ita ce ke tafiyar da na'urar sanyaya ɗaki da soket-soket.

Na'urori biyu ne ke haɗa su. Caja tana mayar da babbar wuta zuwa ta batir, inbata kuma tana mayar da ta batir zuwa babbar wuta. Akasari batirin ɗaki daban yake da batirin tayar da inji, don haka mota na iya tashi lafiya alhali ɗakin yana cikin duhu.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne gano wace wutar ce ta ɗauke. Idan fitilu na ci amma soket ba ya aiki, matsalar tana ɓangaren babbar wuta. Idan soket na aiki amma fitilu sun dushe, ana zargin batir ko caja. Daga nan sai a bi wutar daga tushenta zuwa na'urar da ta tsaya:

1. A auna batir da mitar awon wuta bayan ya huta. Cikakken batirin dalma yana nuna wajen volt 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa alama ce ta ya sauka sosai.
2. A sake aunawa yayin da inji ko caja ke aiki. Ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta motsa ba, caji ba ya isa batir.
3. A duba kawunan batir. Farin gari ko sassaucin kusa na hana wuta wucewa ko da batirin lafiyarsa ƙalau.
4. A duba wayar da ke haɗa batir da ƙarfen jikin mota. Idan ta yi tsatsa, na'urori da yawa kan mutu lokaci guda.
5. A duba fiyus da makunnin kariya da ke faɗuwa idan kaya sun yi yawa. Na'ura ɗaya ta tsaya, sauran na aiki, galibi fiyus ɗinta ne ya ƙone.

Fiyus da ya sake ƙonewa nan take yana nuna akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. Ɗaure shi da zaren waya, ko saka wanda ya fi shi girma, na iya jawo gobara.

Tasirin yanayi

Sakkwato na cikin biranen da suka fi zafi a Najeriya, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Batirin dalma ya fi daɗewa a wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage tsawon rayuwarsa da kusan rabi. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma sa inbata ta kashe kanta idan babu iska a inda aka ajiye ta. A lokacin hunturu ƙura ce ke lulluɓe farantin sola, sai caji ya ragu har a zaci batir ne ya lalace.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka

Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, a Amurka kuwa 120. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka, idan aka jona ta kai tsaye da wutar gida ko janaretan nan, cajarta da firjinta na iya ƙonewa nan take. Dole a saka taransifomar rage ƙarfin wuta a tsakani, ko a sauya na'urorin.

Kariya

Kafin a taɓa waya ana cire haɗin babbar wuta, sannan a fara kwance kan batir mai alamar ragi. Batirin da ke caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, don haka ba a kusantarsa da ashana ko sigari. Ba a kunna janareta kusa da tagar ɗakin kwana, domin hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. Gyaran ɓangaren babbar wuta aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne.