Kwatar Niyu Olins: Lafiyar Gari da Haƙƙin Mahauci

A tsakiyar ƙarni na 19, mahautan birnin Niyu Olins na jihar Luwiziyana a Amurka suna yanka ne a bakin kogin Misisifi, a sama da inda bututun ruwan shan gari ke zuƙo ruwa. Jini da tumbi da kashin dabbobi duk kogi ake turawa. Idan ruwa ya ja baya, ƙazantar sai ta taru a bakin bututun, a garin da kwalara ta riga ta saba yi wa ɓarna. Hukumar birni kuwa hannunta a ɗaure yake, domin yawancin wuraren yankan suna wajen iyakarta.

A watan Maris na 1869 majalisar jiha ta shiga tsakani. Dokarta ta rufe duk wuraren yanka masu zaman kansu a gundumomi uku, ta tilasta a koma kwata guda a ƙasa da gari, ta kuma tanadi mai duba dabbobi wanda gwamna zai naɗa, ba a sa wa dabba wuƙa sai da takardar shaidarsa. Sannan ta damƙa kwatar ga kamfanin Crescent City na mutum 17, har shekara 25, babu kishiya. Kowane mahauci yana da damar yanka a ciki, amma sai ya biya kuɗin da doka ta yanke.

Hujjar wannan maƙala ita ce dokar ta ƙulla abubuwa uku da ya kamata a warware: inda za a yi yanka, wanda zai duba, da wanda zai ci riba. Na farko da na biyu aikin hukuma ne tsantsa. Mai saye ba ya iya gane cutar saniya daga tsokar da ke kan tebur, kuma mai duba guda ba zai iya zagaya ɗaruruwan lunguna kullum da asuba ba. Tara yanka wuri ɗaya shi ke sa dubawa ta yiwu. Na uku kuwa ba ruwansa da lafiya. Faris ta nuna haka tun da farko: kwatoci biyar da Napoliyon ya ba da umarnin ginawa a 1810, aka buɗe a 1818, na hukuma ne, kuɗin shiga kuma baitulmalin birni yake zuwa.

Mahautan suka kai ƙara, lauyansu Jon Kambel, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, ya kafa hujja da gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, wanda aka yi a 1868 musamman don kare 'yantattun bayi. Ranar 14 ga Afrilu 1873 Kotun Ƙoli ta ba su rashin gaskiya, alƙalai biyar da huɗu. Wanda ya rubuta hukuncin, Samuwel Mila, likita ne kafin ya koma shari'a, kuma ina ganin idon likita ya kalli kogin da shi. Ya yi daidai a kan tsabta. Sai dai don ya kai ga hakan ya ƙuntata fassarar gyaran ƙwarai, har sashen da ke kare haƙƙoƙin ɗan ƙasa daga zaluncin jiha ya kusa zama fanko. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ba mahauta ba ne, baƙaƙen fatar Kudu ne, kuma abin yana da ciwo.

Mafita ga mahautan ta zo daga gida. Sabon tsarin mulkin Luwiziyana na 1879 ya soke babakeren, ya mayar da ikon tsara wuraren yanka ga hukumomin birane da gundumomi, bisa sharaɗin amincewar hukumar lafiya. Kamfanin ya yi ƙara cewa an karya masa alkawarin shekara 25. A 1884 Kotun Ƙoli, ta bakin Mila ɗin dai, ta amsa cewa majalisa ba ta da hurumin sayar da ikonta na kare lafiyar jama'a ta hanyar kwangila.