Girkawa Ita ce Sabuntawa: Nazari kan Ɗora Manhajojin Sa-ido Kai-tsaye a Dandalin Tace Bayanai na Gajimare

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda ake girka manhajojin sa-ido a kan sabobin haya na gajimare, da yadda ake sabunta su ba da sa hannun mutum ba. An bi rahotannin da aka fitar bayan matsaloli huɗu: na Equifax a 2017, SolarWinds a 2020, Datadog a 2023 da CrowdStrike a 2024. An gano cewa a dandalin da sabobi ba sa daɗewa a raye, kowace girkawa tana iya zama sabuntawar da babu wanda ya ba da izininta, kuma wannan ɓoyayyiyar ƙofa ta fi sabuntawar da aka sani haɗari.

Gabatarwa

Kamfanin da ke tace bayanai a gajimare ba ya riƙe injuna na dindindin. In aiki ya taso, dandali irin Databricks ko Amazon EMR sai ya tayar da gungun sabobi, goma ko ɗari, su yi lissafin da aka sa su, a kashe su bayan awa ɗaya ko biyu don kuɗin haya ya tsaya. Kowace saba tana buƙatar 'yar manhajar da za ta riƙa kai rahoto: wane aiki ne ya maƙale, ina ma'adana ta kusa cika, wa ya shigo ba izini. Ba ma'aikacin da zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya yana girka ta da hannu, domin kafin ya kai ta biyar an riga an kashe ta farko. Saboda haka ake rubuta umarnin tashi, wanda dandalin ke gudanarwa da kansa duk sanda saba ta farka. A kan wannan babu jayayya. Inda ake kai ruwa rana shi ne batun sabuntawa.

Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Masu cewa a sabunta da gaggawa suna da hujja mai ƙarfi. An fitar da gyaran ɓarakar Apache Struts a watan Maris na 2017, Equifax bai ɗora shi a inda ya kamata ba, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Abin da ya fi shafar wannan nazari ma shi ne, na'urar da ke duba zirga-zirgar bayanan kamfanin ta yi watanni a makance saboda takardar shaidarta ta daina aiki ba a sabunta ba. Ɓarakar Log4j a Disambar 2021 ta ƙara wa wannan ra'ayi nauyi. Mai wannan bincike ba ya ja da su.

Ja-in-jar tana tare da ɗaya ɓangaren, waɗanda tun matsalar CrowdStrike ta Yulin 2024 suke kira da a kashe sabuntawar kai-tsaye gaba ɗaya, a koma ga kwamiti da takardar neman izini. Sukan kafa hujja da littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 kan tabbatar da ɗorewar aiki, inda aka ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na katsewar aiki daga canjin da aka yi wa tsarin da ke kan aiki suke tasowa. Ƙiyasin yana nan a littafin, amma sun tsaya karatu da wuri. A wuri guda marubutan suka ba da maganin, kuma maganin nasu na'ura ce: a riƙa sakin canji kaɗan-kaɗan, a gano matsala da wuri, a iya komawa baya lafiya. Littafin Accelerate na Nicole Forsgren da Jez Humble da Gene Kim, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa neman amincewar kwamitin da ke wajen ƙungiyar aiki yana jawo jinkiri ba tare da ya rage yawan canjin da ke lalacewa ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuwa. Masu kiran a koma ga hannu sun ɗauka cewa sabuntawa abu ne da wani ke zama ya yanke shawararsa, don haka in an hana shi, ta tsaya. A dandalin gajimare wannan zato bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma shi ne abin da maƙalar nan ta sa a gaba.

Hanyar Bincike

An karanta bayanan da kamfanonin da kansu da hukumomin Amurka suka wallafa bayan kowace matsala, tare da littattafan jagora na Ubuntu da Kubernetes. An yi wa kowace matsala tambayoyi uku: wa ya ba da izinin sabuntawar, injuna nawa ta taɓa a lokaci guda, kuma akwai hanyar komawa baya?

Sakamakon Bincike

A ranar 19 ga Yulin 2024, da ƙarfe 4:09 na asuba agogon GMT, CrowdStrike ya saki fayil ɗin saiti mai lamba 291 zuwa manhajarsa ta Falcon. Fayil ɗin ya sa manhajar ta nemi bayani na 21 alhali 20 aka tanada mata, kuma da yake a can cikin ƙwaryar Windows take aiki, sai injin gaba ɗaya ya faɗi. An janye fayil ɗin da ƙarfe 5:27, minti 78 ke nan, amma Microsoft ya ƙiyasta cewa na'ura miliyan 8.5 sun riga sun kamu. Injin da ya faɗi ba ya iya karɓar gyara ta intanet yadda ya kamata, don haka ma'aikata suka riƙa bin na'urori ɗaya-ɗaya, suna tayar da su a yanayin kariya, suna neman mabuɗin BitLocker, suna goge fayil ɗin da hannu. Abin lura shi ne, abokan ciniki da dama sun saita manhajar ta riƙa zama siga ɗaya ko biyu a bayan sabuwa, suna ganin sun yi taka-tsantsan. Wannan saiti bai shafi fayilolin gaggawa irin mai lamba 291 ba. Sun kulle ƙofar gaba, ta baya tana buɗe ba su sani ba.

Matsalar Datadog ce ta fi fito da abin fili, domin kamfanin kansa dandalin sa-ido ne, kuma injiniyoyinsa ba baƙi ba ne a wannan fage. Sun rarraba aikinsu a yankuna daban-daban, a kan gajimaren Amazon da na Google da na Microsoft, da nufin kada matsalar wani yanki ta taɓa wani. Sabuntawar da suke yi da kansu mataki-mataki take tafiya, yanki bayan yanki. Duk da haka a ranar 8 ga Maris 2023, wajen ƙarfe shida na safe agogon GMT, yankunan suka tsaya kusan tare. Dalilin yana cikin hoton Ubuntu 22.04 da suke gina sabobinsu da shi: akwai wata tsohuwar hanyar karɓar gyaran tsaro da aka bari a kunne. Ta sauko da sabon gyaran manhajar systemd, sai sashenta da ke kula da hanyar sadarwa ya sake tashi, ya share ƙa'idojin hanya da manhajar Cilium ta rubuta domin bai san da zamansu ba. Dubban sabobi suka rabu da juna.

Me ya sa duk a lokaci guda? Saboda agogon da Ubuntu ke zuwa da shi an saita shi ne ya yi wannan aiki daga ƙarfe shida na safe, da ɗan jinkirin da bai wuce awa ɗaya ba, kuma sabobin duk da agogon GMT suke aiki, ko a Turai suke ko a Amurka. Kamfanin ya raba wuta, ya raba gini, ya raba mai ba da haya, amma layi ɗaya na saitin lokaci ya haɗa su duka. Abokan cinikin da suka dogara da shi don sanin lafiyar nasu injunan suka wayi gari ba ƙararrawa. Ba wanda ya zauna ya amince da wannan sabuntawa, saboda haka ba kwamitin da zai iya hana ta.

Wannan ne ya kai bincike ga umarnin tashi da aka ambata a farko. Yawancin masu sayar da manhajar sa-ido suna ba da umarni na layi ɗaya: a sauko da mai girkawa daga shafinsu, a gudanar. Injiniya mai sauri sai ya kwafe layin ya liƙa a umarnin tashin gungunsa, ya gwada, ya ga jadawali ya fara motsi a allo, ya wuce. Layin nan, in ba a ɗaure shi da lambar siga ba, abin da ya tarar sabo shi yake ɗaukowa. A saba ta dindindin sau ɗaya za a gudanar da shi. A dandalin tace bayanai kuwa, inda gungu ke tashi kowane dare don haɗa rahoton safiya, kullum ake gudanar da shi. Ran da mai manhajar ya saki sabuwar siga da yamma, gungun tsakar dare da ita zai tashi, ba gwaji, ba sanarwa, ba kuma wata alama a kundin canje-canjen kamfani, tunda ba a taɓa ko harafi ɗaya na umarnin ba.

Haka abin yake a Kubernetes. Tsarin da ke ajiye kwafin manhajar sa-ido a kan kowace saba yana da kariya mai kyau: in an canza siga, saba ɗaya yake taɓawa a lokaci guda sai in an ce masa ya ƙara. To amma in an rubuta masa alamar latest a maimakon lamba, kariyar ba ta da amfani. Kubernetes ba ya ganin wani canji a rubuce, don haka ba ya fara sauyin mataki-mataki, sai dai kowace sabuwar saba ta jawo abin da ta tarar. A ƙarshe gungu ɗaya na ɗauke da siga biyu ko uku, kuma in aka ce a koma baya, ba a san bayan da za a koma ba. Littafin jagorar Kubernetes da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan alama, amma har yanzu tana yawo a misalan da ake kwafa.

Abin da waɗannan ke nunawa shi ne a raba ayyuka biyu da layi ɗaya ya haɗe. Girkawa ta kasance kai-tsaye, amma daga ma'ajiyar kamfani, da lambar siga da tambarin SHA-256 da ke tabbatar da cewa fayil ɗin yau shi ne na jiya. Sabuntawa ita ma na'ura ta yi: manhaja irin Renovate ko Dependabot ta hango sabuwar siga, ta rubuta buƙatar canza lambar, a fara da gungun gwaji, sannan yanki ɗaya, a bar tazarar sa'o'i kafin na gaba. Domin kada ɗaure siga ya koma sakacin Equifax, a sa ƙararrawar da za ta yi kuka in siga ta wuce wa'adin da aka yanka mata. Sannan a binciki hoton da ake gina sabobi da shi, a lissafa duk wani abu da ke iya sauko da manhaja da kansa.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa misali huɗu ba su isa a kafa doka ba, kuma mafi yawan bayanan daga bakin kamfanonin da abin ya shafa suka fito. Akwai kuma SolarWinds, wanda bai zauna daidai a cikin wannan tsari ba. Gurɓatacciyar sigar manhajarsa ta Orion da aka rarraba tsakanin Maris da Yunin 2020 tana ɗauke da sa hannun kamfanin na gaskiya, abokan ciniki kusan 18,000 suka sauke ta, kuma mugun umarnin da ke cikinta yakan kwanta shiru har kusan mako biyu kafin ya motsa. Gungun gwaji na kwana ɗaya ba zai kama shi ba, tambarin fayil ma zai ce lafiya lau, kuma sai a Disamba kamfanin FireEye ya gano shi. Wannan matsala ce ta amincin wurin da ake harhaɗa manhaja, da yawan ikon da ake ba manhajar sa-ido a kan injin da take zaune, kuma tana buƙatar nazari na daban.