Ƙuruciyar Kaligula Sarkin Rum

Mun sha jin ana cewa Kaligula mahaukaci ne. To, 'yan makaranta, ku dubi tasowarsa tukuna. An haife shi a shekara ta 12 bayan haihuwar Annabi Isa. Yana ɗan shekara 7 ubansa ya rasu. Sarki Tibariyas ya tsare uwarsa da yayyensa biyu, duka suka mutu a tsare. Shekara 6 yana zaune a tsibirin Kafri gaban Sarkin nan, ba damar ko ɓata fuska.

Ya hau gado a 37, ya fara da alheri. Sa'an nan ya kwanta ciwo, da ya tashi sai ya shiga hallaka makusantansa. Mu dai a ganinmu tsoro ya fi ciwon yi masa ɓarna. A 41 dogaransa suka kashe shi.