Daga Jakara zuwa Landan: Tarihin ruwan da ya fi ƙarfin magudanarsa

Duk wanda ya taɓa kwana a Gagarawa Tasha cikin watan Agusta ya san yadda ruwan ƙasar Gumel yake. Wata takwas ana kallon sama babu ko ɗigo, sannan cikin sa'a guda a kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lambatun da jiya ke ɗauke da ɗan ruwan wanka da na wanke-wanke sai ya cika ya tumbatsa, ya kwaso kashin dabbobi da leda da abin da ya malalo daga masai, ya bi gangare. Tun 1930, lokacin da layin dogo daga Kano ya isa Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, garuruwan tasha ke cika da jama'a saboda cinikin gyaɗa, amma hanyar ruwan ɗaya ce: kwata guda ga na sama da na ƙazanta.

Wannan matsala tana da dogon tarihi, kuma a ƙasar Hausa Kano ta daɗe tana fama da ita. Jakara, wadda ke gefen Kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ita ce makwararar birni tun fil azal. Bature Clapperton, da ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa fadamar Jakara ta kusa raba birni biyu. Barth ma ya ambace ta a 1851, shekarar da ya ratsa ta Gumel a kan hanyarsa ta zuwa Kukawa. Sai dai Jakara ba ita kaɗai ke ɗaukar nauyin ba. A da kowace unguwa tana da kududdufinta, ramin da aka haƙi ƙasar gini aka bari. Idan aka sheƙa ruwa, kududdufi ne ke fara shanye shi, ya riƙe, laka ta kwanta, sauran ya tsotse cikin ƙasa ko rana ta ƙafar da shi. Magina ba su kira shi da wani suna na ilimi ba, amma aikin da yake yi shi ne abin da injiniyoyin manyan birane ke kashe maƙudan kuɗi a kansa yau.

Landan ce shaida. A zafin 1858 warin kogin Tems ya hana 'yan majalisar Ingila sakat, bayan kwalara ta riga ta kashe dubbai a birnin. Aka damƙa aikin ga injiniya Joseph Bazalgette, ya gina manyan magudanan bulo masu tsawon kusan kilomita 130 a ƙarƙashin ƙasa, suna tare ƙazanta kafin ta faɗa kogi su kai ta can gabashin gari. An buɗe tashar famfo ta Crossness a 1865. Bututu ɗaya ya yi wa ruwan sama da na ban-ɗaki, don haka dole ya bar mafita. A wurare da dama akwai gajeriyar katanga a cikin magudanar: ranar da babu ruwan sama ƙazanta na bin hanyarta, ranar da aka yi mamako kuwa ruwa ya haura katangar ya zube kogi, maimakon ya koma ya ɓullo ta ɗakunan mutane. Dabara ce mai kyau a lokacinta. Amma gari ya ninka, aka shafe filaye da kwalta da siminti, har ta kai ɗan yayyafi ma na sa magudanan su yi amai cikin Tems sau da yawa a shekara.

Maganin da aka yi shi ne rami mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2 a ƙarƙashin kogin, wanda aka soma a 2016 aka kammala a 2025 kan kuɗi sama da fam biliyan 4. Ruwan da a da zai zube kogi yanzu yana gangarawa ramin ya jira. Bayan an ɗauke ruwa, sai a zuƙo shi da famfo zuwa matatar Beckton. Abin da masu zanen suka fi damuwa da shi shi ne ruwan farko, domin shi ke wanko dattin da ya taru. Matan karkara sun riga su sani: babu mai tara ruwan indararo sai ya ɗan zuba ya wanke rufi. A ganina, wannan rami kududdufi ne da aka binne aka sa masa inji.

Mu kuwa hanyar da muka bi ta saɓa. A Kano an yi ta cike kududdufai da shara ana yanka filaye a kansu, ruwa kuma ya rasa masauki. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka soma rufe Jakara da kankare ana shimfiɗa titi a bisanta. Rufewa na rage wari da sauro a unguwannin da ta ratsa, amma ba ta tace ruwan. Yana nan yana tafiya, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya ƙare a madatsar Wasai ta Minjibir, kuma a kan hanya masu lambu na ban-ruwan latas da kabeji da shi.

Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar da Gagarawa ba su kai nan ba tukuna, abin da ya sa na damu da su ke nan. Ƙasarsu rairayi ce mai shan ruwa, rijiyoyi da burtsatse kuma daga cikinta suke ɗebowa, saboda haka kududdufin da masai ke zuba a ciki haɗari ne ga ruwan sha. Amma wanda aka tsare shi daga shara, aka yashe shi kafin damina, aka raba masa hanya da ruwan ban-ɗaki, shi ne ke tsayawa tsakanin ruwan Agusta da gidajen ƙasa. Har yanzu a bayan garuruwan nan akwai irin waɗannan ramuka, shanu na sha daga cikinsu har zuwa kaka, masu yankan filaye kuma sun fara auna gefensu da igiya.